Takalmi a Gefen Hoto

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mutanen maɗaba'a. Ya kunnen? Inna ta ce ta kira ka kwanan baya, ta yi ta zuba kana cewa "to, to," ashe ko kalma ɗaya ba ka ji ba. Shi ya sa na koma takarda. Injinan buga littattafai sun cinye maka kunne, amma ido sun bar maka, kuma na san ko waƙafi ba ya wuce ka.

Ni lafiya lau, ban da kafaɗar dama da ke ciwo saboda tura keken guragu. Hanyar ɗakin kwananmu zuwa aji duk tsakuwa ce.

Kawu, shawara nake nema. A jami'ar nan akwai wani wuri da ake kira Ofishin Tallafa wa Ɗalibai. Mutum iri uku suke kula da su: wanda shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a, da ɗan talaka, da mai naƙasa. Ofishin yana hawa na biyu. Akwai lif, na'urar hawa bene, amma takardar "Ana Gyara" da ke jikinsa ta daɗe har ta koma ruwan ƙasa. Da na je, masu gadi biyu ne suka ɗauke ni da keken gaba ɗaya. Ɗaya ya riƙe ta baya, ɗaya ya cusa hannu ƙarƙashin cinyata wai don kada in zame. Siket ɗina ya tattare, ɗalibai suna tsaye suna kallo, shi kuwa na bayan yana nishi yana cewa, "Ke kuwa me ake ba ki a gida?" Na yi wa kaina alkawari a kan matakalar nan cewa babu wanda zai sake ɗaukata a makarantar nan.

Daraktar ofishin mace ce mai fara'a da turare. Ta tambaye ni aikin Inna, na ce ɗinki. Baba fa, na ce ya rasu. Akwai wanda ya yi jami'a a gidanmu, na ce babu. Ta dubi keken, ta dubi mataimakinta, fuskarta ta washe kamar wadda ta yi tsintuwa. Ta ce, "Uku cikin ɗaya. Ke muke nema tuntuni."

Abin da ya kai ni shi ne jarrabawar ƙarshen shekara. A Babban Zaure ake yin ta, kuma ƙofarsa matakala ce. Wanda bai rubuta ta ba sai ya maimaita shekara. Darakta ta ce wannan ba komai ba ne, ta sa aka buɗe mini sito ta nuna mini gadarsu: wani faffaɗan katako mai naɗewa, da ake shimfiɗawa kan matakala keke ya hau. Ta ce ranar jarrabawa tawa ce. Sai dai ita ma tana da roƙo. Masu ba ofishin tallafi za su kawo ziyara, tana so in fito a hotunan mujallarsu, in kuma yi ɗan jawabi.

Raina bai kwanta ba. Me ka gani?

'Yarka,
Lauya

*

Zuwa ga Lauya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na karanta ta sau biyu, na biyun da jan biro a hannu don sabo. Ban samu abin gyara ba. Kunne yana nan yadda kika san shi, kuma ba laifi, domin ya raba ni da surutun mai gidanmu. Kafaɗar kuwa ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi.

Tun kina ƙarama na sa miki Lauya, saboda ko ruwa aka miƙa miki sai kin tambayi dalili. Halin yana da amfani, amma ba kullum ba. Abin da masu gadin nan suka yi bai kyautu ba, ban musa ba. Sai dai rashin iya aiki daban, mugunta daban. Da sun bar ki a ƙasa fa?

Zancen hoto, a nan ni ne gwani. Na yi shekara da shekaru ina duba irin waɗannan mujallu kafin a buga. Duk iri ɗaya ne: shugaba a shafin farko, yara suna dariya a tsakiya, godiya a ƙarshe. Babu mai karanta su sai wanda ya rubuta da ni da ake biya in nemo kuskure. Hoto ba ya cizo. Ki tsaya a ɗauka, ki faɗi kalmomi biyu, ki samu gadarki. Mai nema ba ya fushi, kuma ba a faɗa da mai riƙe da makullin sito.

Wani abu kuma. Yaya, innarki, ta gaya wa duk layinsu cewa 'yarta tana jami'a. Mai kawo mata zare ma ya ji, mai gyaran keken ɗinki ya ji har sau uku. Ba ke kaɗai ke zaune a keken nan ba, da mu duka kike tafiya. Kada ki bari girman kai ya tsaya miki a gaba, ga matakala ga shi, abin ya yi yawa.

Ki yi karatu. Ki ci abinci.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Na daɗe ban rubuto ba, domin da na rubuta a makon da abin ya faru da ba ka ji daɗin takardar ba. Kafaɗa ta yi sauƙi.

Na bi shawararka. Ga yadda aka yi.

Ranar ziyarar da safe aka fito da gadar daga sito. An yi mata sabon fenti ruwan ɗorawa, bai ma gama bushewa ba. Aka shimfiɗa ta a ƙofar Babban Zaure. Mai hoto ya ce in hau, na hau. Ya ce in sauko in sake, ban yi murmushi ba. Na sake. Ya ce rana ta shiga idon na'urarsa. Haka na yi ta hawa da sauka har tafin hannuna ya koma ruwan ɗorawa. Jawabin ma ba nawa ba ne, a rubuce aka miƙo mini. Akwai wurin da ya ce, "Kafin in haɗu da wannan ofis ba ni da murya." Ni, Kawu, da ka sa wa Lauya.

Duk wannan da sauƙi. Ashe ofishin yana da wani tsari da yake yi duk shekara, suna kiransa "Ɗanɗana Rayuwarsu." Ana ɗaure wa wani babba ido ya yi tafiya da sanda, a toshe wa wani kunne da auduga, wani kuma ya zauna a keken guragu, wai don su ji abin da muke ji. Bana Mataimakin Shugaban jami'a ne mai keke. Keken da ofis ya tanada tayarsa ta sace. Darakta ta sunkuyo kusa da kunnena ta ce, "Ɗiyata, ara mana naki na ɗan lokaci." Kafin in buɗe baki ta kira 'yan mata biyu sun kama ni sun ɗora a benci. Baƙi suna kallo suna murmushi. Na tuna da makullin sito, na bar musu keken.

Mutumin ƙato ne. Ya cika keken har ƙarfen gefe ya buɗe. Ya zagaya fili yana dariya, ya hau gadar da gudu ana tafi, ya sauko ya danne birki da dukkan ƙarfinsa har wani abu ya yi ƙara. Ya miƙe ya kaɗe wandonsa ya ce wa baƙi, "Wallahi ba sauƙi, amma akwai daɗi." Daga nan aka wuce da su cin abinci a sama. Keken aka bar shi a can ƙarshen fili, ni ina benci a wannan ƙarshen. Ina jin fitsari. Ina ganin kekena, ba ni da hanyar isa gare shi. Sai da Rediyo, abokiyar ɗakina, ta fito daga aji ta gan ni, ta turo mini shi tana zagin iyayen kowa.

Birkin hagu ya lalace. Kafin la'asar an naɗe gadar an mayar sito, wai kada ruwan sama ya taɓa ta.

Ka ce hoto ba ya cizo. Gaskiyarka, ba hoton ne ya cije ni ba.

Lauya

*

Zuwa ga Lauya,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Shiru ya yi yawa. Na ce ko fushi kike da tsohon kawunki, ko kuwa girma ne ya zo, tunda yanzu kin zama ta mujalla. Ni ina nan ƙalau, sai ɗan tari na ƙurar takarda.

Yaya ta aiko mini da mujallar ta hannun direban da ke kawo mana kaya. Ofishin ne ya aika mata kwafi biyu har gida, ki ga mutunci. Ta yanke hotonki ta sa a gilashi, ta rataye a saman keken ɗinkinta, inda duk mai kawo ɗinki zai gani. An ce har mai zaren ya yi hawaye, ko da yake shi dama idonsa na ruwa.

Kin yi kyau a kan gadar nan. Ba na ce miki ba? Kuma jawabin ya ratsa ni. Ban san haka kike ji ba, cewa ba ki da murya. Da kin gaya mini.

Hoton da ya fi burge ni shi ne na shafin tsakiya, na Mataimakin Shugaba a keken guragu. Babban mutum irin wannan ya sauke girmansa ya zauna inda kike zama. Keken ma har ya so ya yi kama da naki. A zamaninmu wa zai yi haka? Ki riƙe mutanen nan da kyau.

Sai dai aikin bugun, a matsayina na ɗan sana'a, ban ba shi maki ba. Sun rubuta sunanki iri biyu a shafi ɗaya. Kuma wanda ya yanke hoton tsakiyar nan makaho ne ko malalaci: ya bar ƙafar wani a gefen dama, takalmi ɗaya yana reto daga kan benci, babu jiki babu fuska. A maɗaba'armu da an sa shi ya sake.

Ki rubuto.

Kawunki

*

Lauya,

Takardarki ta iso kwana ɗaya bayan na aika tawa. Sun yi saɓani a hanya. Na je tasha in karɓo tawa, direban ya riga ya tashi. In ta iso kafin wannan, ki yafe. In ba ki buɗe ba, kada ki buɗe.

Na koma na ɗauko mujallar na sa gilashin da nake duba ƙananan baƙaƙe. Takalmin baƙi ne mai maɗauri, an ƙara wa dunduniyarsa tsayi. Ni na kai shi wurin mai gyaran takalmi aka ƙara masa, satin da za ki tafi. Na kalli ƙafar 'yar ƙanwata, a'a, 'yar yayata, kin ga har alƙalamin ya rikice, na kira ta kuskuren bugu. Na kalli kekenki na ce ya yi kama da naki.

Tun jiya abinci ya ƙi shiga. Ba fushi nake ji ba, ƙyama ce, irin wadda mutum ke ji in ya gano abin da ya taka ya shigo da shi ɗaki. Mutumin da yake da ƙafa biyu ya ari ƙafafunki ya yi wasa da su, aka tafa masa, ni kuma na tafa daga nan.

Ga abin da nake gani. Ko dai ki tattara ki dawo gida mu nemi wata makaranta, ko kuma in nemi izini wurin mai gidanmu in zo ranar jarrabawar. In ɗauka ce, ni zan ɗauke ki. Na goye ki kina ƙarama lokacin da shan inna ya kwantar da ke, bayana bai manta ba. Zaɓi ɗaya ki gaya mini. Yaya ban faɗa mata komai ba tukuna.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan tarin ya tafi. Takardunka duka biyun sun iso, kuma na buɗe ta farkon, ka san hali. Na yi kwana biyu ina jin haushinka. Rediyo ce ta karanta ta biyun da ƙarfi, da ta kai wurin takalmin ta ajiye takardar ta share hawaye, abin da ban taɓa gani ba tun da na san ta. Magana ta wuce. Ka ci abinci.

Amma zaɓin naka duka biyu ban ɗauka ba. Ba zan dawo gida ba, domin ba ni na yi abin kunya ba. Kuma ba za ka ɗauke ni ba. Na san da ƙauna ka faɗa, sai dai ka sake duba takardata ta farko, kai da waƙafi ba ya wuce ka. Ban ce masu gadi ba su iya ɗauka ba. Cewa na yi babu wanda zai sake ɗaukata. In ka zo ka goya ni, ka yi musu aikinsu ke nan, kuma mai hoto zai so hakan ƙwarai.

Yanzu ga sabon labari. Na aika Rediyo sama ta tuna musu zancen gada, tunda jarrabawa ta matso. Ta dawo tana huci. Ashe mujallar ta yi farin jini, an zaɓi ofishin zai karɓi lambar yabo ta kula da masu buƙata ta musamman. A wani otal za a yi bikin, kuma ranar jarrabawata. Gadar za ta tafi can, za a kafa ta a gaban dandamali a matsayin abin nuni. Darakta ta ce in yi haƙuri, wannan nasara ta dukkanmu ce. Ta ba ni zaɓi biyu, ita ma kamar kai: masu gadi su shigar da ni zauren, ko a ba ni ɗaki ni kaɗai in rubuta a natse. Rediyo ta ce wane ɗaki. Aka ce siton ofis, tunda ranar babu kaya a ciki. Siton da ke hawa na biyu.

Sun ci ladan kuturu, askin ne ba za su yi ba.

Birkin na kai wa mai walda a bakin ƙofar makaranta, ya ɗaure shi da waya, yana kamawa in na lallaɓa. Ofis sun ce ba su da hurumin gyara kayan da ba nasu ba.

Ban san abin da zan yi ba tukuna. Karatu dai ina yi. Kada ka gaya wa Inna.

Lauya

*

Lauya,

Ina lafiya. Na sake duba takardarki ta farko. Haka kika rubuta, ni ne na karanta da ido ɗaya.

Ba ni da sauran shawara, wadda na bayar ta isa. Na tambayi kaina ko maimaita shekara ya fi a ɗauke ki na minti biyu, na ga ba ni ne zan amsa ba. Duk abin da kika yanke, ni zan yi wa Yaya bayani, in ya so ta huce a kaina.

Shirunki ne ba na so. Ko layi ɗaya ne ki aiko.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma ka daina zuwa tasha kullum kana damun direbobi, labari ya iso ni. Ni lafiya lau, sai dai wuyana da rana ta ƙona yana saɓa.

Na rubuta jarrabawar.

Ranar na isa da wuri na tsaya a gindin matakala na danne birki. Motar ofis ta wuce ta gabana, gadar tana ɗaure a samanta da jan ƙyalle. Masu gadin nan biyu suka zo suna naɗe hannun riga. Na ce kada wanda ya taɓa ni. Na bayan ya ce umarni aka ba su. Na ce to su koma su ce na ƙi. Ɗalibai suka yi ta wucewa ta gefena suna shiga, wasu suna sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu ba, kowa da shekararsa. Rediyo ta ce ita ma ba za ta shiga ba, na ce in ba ta shiga ba na daina yi mata magana har abada. Ta ce wannan ai hutu ne a gare ni, amma ta shiga.

Aka rufe ƙofa. Na zauna ni kaɗai ina kallon katakon ƙofar, ina lissafin yadda zan gaya wa Inna. Ba zan ɓoye maka ba, a lokacin nan, da a ce masu gadin sun dawo, ban san abin da zan ce ba.

Mai tsaron jarrabawar wani malami ne da muke kira Ba Dariya. Ya fito da takardar sunaye ya ce, "Ke ce lamba kaza? Me kike yi a nan?" Na ce ina jiran hanyar da ofis ya yi mini alkawari. Ya dubi matakala, ya dubi keke, ya ja tsaki. Ya ce shi bai san da wani ofishi ba, abin da ya sani shi ne an ba shi sunaye kuma dole lissafinsa ya cika. Ba tausayi ba ne, Kawu, haushi ne na an ɓata masa tsari. Ya koma ciki ya fito da tebur a kansa, ya dire a gabana, ya ajiye takardar tambayoyi ya danne ta da dutse. Ya ce, "Lokacin da kika ɓata ba zan ƙara miki ba." Ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa, ido ɗaya ciki ido ɗaya waje.

Haka na rubuta, a rana, mai shara yana kewaya ni da tsintsiya. Tambaya ta ƙarshe ban gama ba. Sauran na san na amsa.

Wani ya ɗauki hotona daga taga, ya yaɗu a wayoyin ɗalibai. Na zaci kunya za ta kama ofis. Washegari sai ga saƙo daga Darakta, tana taya ni murna. Ta ce hoton ya nuna yadda jami'a ke sassauta tsarin jarrabawa don dacewa da kowane ɗalibi, kuma tana neman izini ta sa shi a bangon mujallar baɗi. Na ce a'a. Ta ce in yi tunani. Na ce na yi.

Hoton da ke saman keken ɗinkin Inna, a bar shi. Ba ta san komai ba, kuma ita ta biya kuɗin gilashin. In sakamako ya fito zan kawo mata ta musanya.

Lambar yabon tana nan a ofis, Rediyo ta ce an ɗora ta kan gadar a sito kafin a samo mata kabad. Sun kuma buga mini takardar godiya mai zanen zinariya a gefe, saboda gudummawar da na bayar. Sun ce in zo in karɓa.

Na ce su sauko da ita. Har yau ba su sauko ba.

'Yarka,
Lauya